Bos ko akta, wa ya fi daɗewa? Muhawarar zaure kan Amrish Puri

Abban Sultan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau na zo da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk sanda aka tayar da zancen bosawan finafinan Indiya a nan, sai a ce Amrish Puri a rufe baki, kamar daga kansa an gama. Ni a ganina zuzutawar ta yi yawa. Ya yi fim sama da 400, ban musa ba. Amma a ware guda 20 a gefe, a duba ragowar: zare ido, kaurin murya, a tura yara su ƙone ƙauye ko su sace yarinya, can ƙarshe akta ya zo ya farfasa masa baki. Shekara da shekaru abu ɗaya. Yawan fim daban, iya wasa daban. Mai ja ya fito.

Sadik Fagge:
Tabɗijam. Yaya Abba, da sanyin safiyar nan ka taɓo Mugambo, bos ɗin fim ɗin Mr. India da Puri ya fito a matsayinsa? Bari in gyara zama, na san Kawu Bala na nan tafe.

Kawu Bala:
Wa alaikumus salam. Ga ni kuwa, Sadik.

Abban Sultan, ɗana, kafin mu kai ga iyawa, fara duba lokacin da mutumin nan ya shigo. An haife shi a 1932 a yankin Panjab. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga fim a Bombay. Ya bi sawunsu yana saurayi da burin zama akta, aka gwada shi gaban kyamara aka ce bai yi ba. Sai ya kama aiki a hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, ya yi wajen shekara 20 yana ɗaukar albashi. Da rana ofis, da yamma wasan daɓe. Fim ɗinsa na farko da ya fito shi ne Prem Pujari na Dev Anand a 1970, lokacin yana dab da shekara 40, kuma fitowar 'yar ƙarama ce, in ka tashi shan ruwa sai ta wuce ka. Sai a 1980, a Hum Paanch, aka ba shi babban mugu a fim ɗin kasuwa. Mugambon da kuke ta kira a 1987 ya yi shi, ya riga ya haura 50. Ya rasu ranar 12 ga Janairun 2005 yana da shekara 72, kuma har lokacin akwai aikin da ya yi da bai fito ba.

To ka lissafa. Shekara 35 gaban kyamara, ga mutumin da ya fara a shekarun da akta ke fara shafa baƙi a gashi. Masu zuba kuɗi a fim ba sadaka suke yi ba. Da abu ɗaya ya iya, da tuni sun nemi mai araha ya yi musu.

Abban Sultan:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma tarihin daɗewa ka kawo mini, ni kuwa iyawa nake tambaya. Masu kuɗin ai su ne ba sa son sabon abu. Abin da ya ci kasuwa jiya shi suke so a maimaita yau, shi kuma ya yarda ya yi ta maimaita musu. Dubi Amjad Khan. Gabbar guda ɗaya a Sholay, 1975, har gobe ba a yi kamarsa ba. Gabbar mutum ne, kana jin tsoronsa don ka san akwai irinsa a bayan gari. Mugambo fa? Gashin kanti mai ruwan zinare, riga mai igiyoyi, tsibiri, ga rijiyar asid da yaransa ke faɗawa don kawai ya ji daɗi. Wannan ai wasan yara ne.

Malam Habu:
Salamu alaikum. Ku ba ni wuri, an zo fagena. Mu da muka yi wasan daɓe a ƙungiya kafin bidiyo ta zo, akwai abin da muke gani a jikin mutumin nan wanda mai jiran faɗa kawai ba zai lura da shi ba.

A daɓe babu kat, babu a sake. In ka hau ka hau, wasan awa biyu yana kanka, in magana ta ɓace maka babu mai cetonka sai abokin wasanka. Kuma dole na kujerar ƙarshe ya ji ka ba tare da ka yi ihu ba. Muryar nan da Abban Sultan ke kira kauri, ba baiwa ce kaɗai ba, gina ta aka yi. Ebrahim Alkazi ne ya fara jawo shi daɓe, kafin ya koma Delhi a 1962 ya shugabanci makarantar wasan kwaikwayo ta ƙasa. Daga nan Puri ya faɗa hannun Satyadev Dubey, mutumin da aka sani da tsanani kan furuci. Ya fito a wasannin manyan marubutan daɓe na Indiya, irin su Girish Karnad da Vijay Tendulkar. A 1979 aka ba shi lambar Sangeet Natak Akademi, wadda hukumar raya wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa ta ƙasar ke bayarwa. Ku riƙe shekarar, 1979, kafin Hum Paanch. Ƙasarsa ta riga ta shaida gwani ne tun 'yan layin tikiti ba su san sunansa ba.

Sannan ku duba yadda ake aiki a Bombay a shekarun 1980. Ɗan wasa na iya zagaya fim biyu ko uku a yini ɗaya, safe wannan situdiyo, dare wancan. Sau da yawa a wurin ɗauka ake miƙo maka takardar maganarka. Sautin wurin ma ba da shi ake amfani ba, sai an koma ɗaki an sake ɗora murya. Wa ya dace da irin wannan aiki? Wanda zai zo kan lokaci, ya haddace shafi biyu a tsaye, ya bayar daidai tun ɗaukar farko, bayan watanni ya dawo ya ɗora murya ta hau motsin bakinsa. Ɗan daɓe kenan.

Batun Mugambo kuwa, ka faɗi gaskiya, wasan yara ne, kuma haka aka nufa. Fim ne na akta mai ɓacewa da gidan marayu. Dodon tatsuniya ake buƙata, ya ba su dodon tatsuniya. Amma je ka nemi Nishant na darakta Shyam Benegal, shi ma 1975, shekarar Sholay ɗin taka. A nan shi ne babban wa a gidan masu ƙasa, ƙannensa suka ɗauke matar malamin makaranta a gaban jama'a, ƙauye kaf babu mai iya tari. Ba ya zare ido, ba ya ɗaga murya sai ta kama. Zaman da yake yi kawai ya ishe ka. A Manthan, 1976, fim ɗin da masu kiwon shanu 500,000 na Gujarat suka haɗa rupi bibbiyu aka shirya, shi ne mai sayen madarar talakawa da araha yana ba su bashi yana murmushi. Wanda ya yi waɗannan biyun sannan ya yi Mugambo, ba za a ce abu ɗaya ya iya ba.

Sadik Fagge:
Malam Habu ya zo da littafi guda. Ni dai abin da na sani gidansu duk 'yan wasa ne, ga shi ga ƙanensa Om Puri, murya iri ɗaya, fuska babu wasa.

Kawu Bala:
Sadik, ba ƙanensa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ɗan'uwansa na jini da kuka sani a fim shi ne Madan Puri, wanda ya rasu a 1985. Amma sun yi aiki tare da Om Puri sosai, musamman wurin darakta Govind Nihalani. A Ardh Satya, 1983, Amrish ne uban Om Puri, tsohon ɗan sanda mai dukan matarsa, wanda ya tilasta wa ɗansa shiga aikin da ba ya so.

Sadik Fagge:
To ka ga ai akwai dangantaka, Kawu. Na ce ƙane, ka ce ɗa.

Maman Hanan:
Sannunku da muhawara. Ku maza duk kun tsaya kan bos, ni kuwa a uba na fi saninsa, kuma a nan nake ganin amsar Abban Sultan take.

Ku ɗauki Dilwale Dulhania Le Jayenge, 1995. Kowa Sharukhan da Kajol yake tunawa, amma da wa aka buɗe fim ɗin? Da shi, dattijo mai kanti a Landan, yana watsa wa tattabaru hatsi, zuciyarsa na Panjab. Baldev Singh, sunansa a fim ɗin kenan, ba shi da bindiga, ba shi da yaran daba, bai saci ko sisi ba. Alkawari ya ɗauka wa amininsa tun 'yarsa na jaririya cewa ɗansa za ta aura, kuma ba ya son a ce zaman Turai ya sa ya karya magana. Amma in ya shigo gida sai waƙa ta tsaya, kowa ya kama kansa. Duk wadda ta tashi a gidan da uba in ya yi gyaran murya a zaure ake nutsuwa, ta san mutumin nan, ba sai an fassara mata ba.

Wahalar rol ɗin shi ne dole ka ji haushinsa, kuma dole ka ƙi yarda a wulaƙanta shi. In ya yi tsauri da yawa, ƙarshen fim ɗin ya zama ƙarya. In ya yi laushi, babu dalilin da za a yi awa uku ana lallaɓa shi. Ku sake kallon wurin tashar jirgin ƙasa, lokacin da ya riƙe hannun 'yarsa tana roƙonsa. Tun kafin ya buɗe baki an gama, a idonsa za ka ga ya saki. Idon nan dai da ake cewa zare shi kawai ya iya. Yana da shekara 63 a lokacin.

Ni ban ce Baldev ya kyauta ba fa. Matarsa da ta ce wa 'yarta ta gudu ta fi shi tausayi. Amma wasan, wasa ne.

Abban Sultan:
Hajiya, na ji, kuma Dilwale ɗin na cikin guda 20 da na ware tun farko. Amma ga tambaya ga masu cewa shi ne sarkin bosawa. Filmfare, mujallar da ke raba kyaututtukan finafinan Indiya duk shekara, ta fara ba da kyautar gwarzon mugu a 1992. Daga nan har ya rasu an sa sunansa a takara ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, bai taɓa ɗauka ba ko sau ɗaya. Mutanen da suka fi mu sanin harkar, a garinsu, da yarensu, ba su ba shi ba. Mu a nan mu ne za mu naɗa shi?

Kawu Bala:
Madalla da ka kawo wannan, don ni ta taimaka. Je ka duba su wa suka ɗauka. Sharukhan ya ɗauka a 1995. Kajol a 1998. Akshay Kumar a 2002, Ajay Devgan a 2003. Ka ga me ake sakawa? Akta ne ya ajiye soyayya ya yi mugunta sau ɗaya, kowa ya riƙe baki, aka miƙa masa. Mamaki ake ba kyauta. Wanda kullum yake yi daidai, an saba, ba a ganinsa. Kuma kafin a ƙirƙiro wannan rukunin ya riga ya ci kyautar mataimakin jarumi da Meri Jung na 1985, inda ya fito mugun lauya. Ya sake ci da Ghatak, ya sake da Virasat, biyun a uba.

Ni ma'aunina ba kofi ba ne. Duba wa ake ajiyewa a gaban sabon yaro in ana so ya tashi. Jackie Shroff, fim ɗinsa na farko a jarumi, Hero, 1983: Amrish Puri. Ajay Devgan, Phool Aur Kaante, 1991: Amrish Puri. Sharukhan, Deewana, 1992: Amrish Puri. Furodusa ya san yaron bai da nauyi tukuna, sai ya kawo wanda in an kayar da shi 'yan kallo za su yarda an yi aiki. Ya yi da Dilip Kumar, ya yi da Amitabh, ya yi da Sunil Dutt ya dawo ya yi da ɗansa Sanjay, ya yi da Dharmendra ya dawo ya yi da 'ya'yansa. Akta fenti ne, kowace damina sai an sabunta. Irin su Puri su ne azarar ɗakin. Rajesh Khanna da ya girgiza Indiya daga 1969, kafin shekara goma ta cika an koma kan Amitabh.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Ina ta bibiya ban ce komai ba, amma akwai gefen da ba a taɓo ba. Ba na jayayya da gwanintarsa. Damuwata inda aka kai gwanintar. Ku tuna Gadar, 2001, labarin rabuwar Indiya da Pakistan a 1947. Shi ne Ashraf Ali, Musulmi mai faɗa a ji a Lahore, uban yarinyar. Aka tara masa duk wani hali na ƙi: raba 'ya da mijinta da ɗanta, yaudara, neman mulki da auren 'yarsa, tilasta wa suruki ya zagi ƙasarsa a bainar jama'a. Da wani gama-garin ɗan wasa aka ba, da an yi dariya an wuce. Shi kuwa ya yi shi har ya zauna a zuciyar miliyoyin mutane cewa haka mutanen can suke. Mu kuma muka zauna a nan muna tafi Sunny Deol na tumɓuke famfo. Iya wasa ba ya wanke mutum daga abin da aka yi da wasan.

Malam Habu:
Ustaz, Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da nauyi, kuma ni ma Gadar ba ya cikin waɗanda nake so. Sai dai a haɗa da sauran. A kan wannan rabuwar dai ta 1947 ya fito a Tamas, wasan talbijin na Govind Nihalani da gidan Doordarshan ya nuna a 1988. Can an nuna yadda masu neman mulki ke kunna wuta tsakanin Hindu da Musulmi da Sikh, talakan kowane ɓangare ya ƙone. Sai da aka je har kotun ƙoli ana neman a hana nuna shi, kotu ta ƙi. A Gandhi na 1982 kuma Musulmi ya fito, mai mara wa Gandhi baya a Afirka ta Kudu, mutumin kirki.

Kuma ba mu kaɗai muka taɓa jin haushinsa ba. Steven Spielberg ya ɗauke shi a Indiana Jones na 1984, ya fito Mola Ram, bokan da ke zaro zuciyar mutum da hannu. Indiyawa da yawa sun ji zafin yadda aka nuna addininsu da abincinsu, gwamnatinsu ma ba ta yarda an ɗauki fim ɗin a ƙasar ba, sai Siri Lanka aka je. (Da askakken kai ya fito a wannan fim ɗin, kuma da askakken kai aka san shi daga baya. Shi ya sa kowane irin gashin kanti ke zama masa daram, kuma aka san shi da tara huluna.) Abin da nake nufi, mai fitowa a mugu shi ake ɗora wa duk tsoron da marubuci ke so a ji, yau na wannan, gobe na wancan. A tuhumi mai alƙalami tukuna.

Ustaz Nura:
A tuhume shi, na yarda. Amma a 2001 Puri ba yaro ne mai neman shiga ba. Wanda ya kai matsayin da zai iya cewa a'a, in ya ce to, da shi a ciki.

Abban Sultan:
Ustaz ya taya ni ta wata hanya. Abin da nake faɗa kenan, mutumin ba ya mayar da aiki. Malam Habu na ta kawo Benegal da Nihalani, to finafinai nawa ne? A shekarun 1980 zuwa farkon 1990, nawa ya yi waɗanda ko sunansu ba mai tunawa? Yau Thakur mai ƙasa a ƙauye, gobe ɗan sumoga, jibi boka mai busa wa maciji. In gwani ne kamar yadda kuke faɗa, to an yi asarar gwani, kuma da hannunsa a ciki.

Rabi Damagaram:
Ina gaida manya. Yaya Abba, bokan macijin ma kar ka raina shi. Nagina, 1986, a nan Damagaram har yau in ka ce fim ɗin macijiya an san wanda kake nufi, kuma ba Sridevi kaɗai ake tunawa ba, har da mai busar. Iyayenmu sun kalli finafinan nan babu fassara, babu rubutu a ƙasa, ba su jin Indiyanci. Amma in ya yi magana sun san ko barazana ce, ko izgili, ko lallashi na makirci. Muryar ce ke fassara kanta.

Shi ya sa nake tausayin yaran yanzu da suka san shi ta fassarar Hausa kawai. Ba na kushe masu fassara, sun iya aikinsu, sun sa mutane da yawa sun fahimci labari. Amma an cire muryarsa an sa ta wani. Rabin mutumin kenan ya tafi. Wataƙila shi ya sa wasu ke ganin zare ido kawai ya iya, don idon kaɗai aka bar musu.

Sadik Fagge:
Anti Rabi, wannan harbin da ni ake, na ji a jikina. Amma ki yarda wani lokacin mai fassara na ƙara masa gishiri.

Malam Habu:
Tunda Rabi ta kawo mu gida, bari in faɗi abin da ke cina. Hanyar da Puri ya bi, daɓe, sannan allo, mu ma namu sun bi ta. Fim ɗin bidiyon Hausa da ake ƙirgawa na farko, Turmin Danya na 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi. Kafin nan ga 'yan rediyo da talbijin. Marigayi Kasimu Yero, da ya rasu a 2017, ya yi wasa da Hausa ya yi da Turanci, 'yan kudu ma sun san shi a Cock Crow at Dawn. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, da ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin ya mayar da bariki abin dariya a Kaduna. Horo ba su rasa ba, murya ba su rasa ba.

Abin da dattawanmu suka rasa shi ne rubutu. A yawancin finafinanmu dattijo fitowa biyu gare shi: ya ce ba za ki aure shi ba, can ƙarshe ya ce Allah ya yi muku albarka. Wa zai nuna iyawa a nan? Ku tuna ƙurar da ta tashi a 2022 bayan hirar Ladin Cima da BBC Hausa kan abin da ake biyan tsofaffin 'yan wasa. Wasu masu shirya fim sun musanta, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ni abin da na ɗauka a rigimar, kuɗi na bin yawan fitowa, yawan fitowa kuma na bin labari. In ba a rubuta wa tsoho labari ba, ko an so a biya shi da yawa ba za a samu hujja ba. Wasannin talbijin masu dogon zango sun ɗan gyara abin, don a can dole a ba uba da uwa da maƙwabci rayuwarsu.

Mai Zaure:
Jama'a, batun masana'antarmu babba ne, a ware masa rana. Kar a fara kiran sunayen furodusoshi a nan, mun san inda ake ƙarewa. A koma kan Puri.

Maman Hanan:
To a koma. Maganar Malam Habu ce ma ta tuna mini Ghatak, 1996. Fim ɗin Sunny Deol ne, na doke-doke, amma zuciyarsa tsohon ne. Dattijo da ya yi gwagwarmayar 'yancin ƙasa, ciwon daji ya kama shi, ɗan da ya riƙa ya kawo shi birni neman magani, ɗan daba ya wulaƙanta shi a gaban mutane. Mutumin da shekara ɗaya kafin nan muke jira a kashe shi a Karan Arjun, shi ne ya sa mata kuka a ɗaki. Kuma darakta ɗaya ne, Rajkumar Santoshi, ya sa shi mugun lauya a Damini a 1993, ya dawo ya ba shi wannan.

Abban Sultan:
Hajiya, kullum cikin guda 20 ɗina kuke ɗebowa. Ni inda na tsaya: in ana maganar wanda ya juya daga mugu zuwa mutumin kirki ya kuma daɗe, Pran ya riga shi, ya kuma fi shi. Tun 1940 yake fim, ya yi mugunta har aka ce iyaye sun daina sa wa 'ya'yansu sunansa, sannan a Upkar, 1967, ya juya, a Zanjeer, 1973, ya zama aminin Amitabh. A 2013 aka ba shi lambar Dadasaheb Phalke, wadda babu ta sama da ita a fim ɗin Indiya. Puri bai samu ba.

Kawu Bala:
Pran kam ba a ja da shi, a silima muka gan shi, in ya fito ana ihu tun bai yi magana ba. Amma ɗana, ka lura ka bar inda ka fara? Da safe cewa ka yi mutumin bai iya ba, yanzu kana neman wanda ya fi shi, kuma da ka tashi nema ba akta ka ɗauko ba, wani bos ɗin ka ɗauko. Pran ya kai shekara 93, lambar ta same shi watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Puri ciwon jini ya ɗauke shi yana 72, yana tsakiyar aiki. A 2004 kaɗai ya fito a Aitraaz da Hulchul da Mujhse Shaadi Karogi, biyu daga ciki ma na barkwanci ne. Kuma ka bar finafinan kudu, ya yi da Rajinikanth a Thalapathi, ya yi da Chiranjeevi, da yarukan da ba nasa ba.

Abban Sultan:
Ban bar ko'ina ba, Kawu. Na ce yawancin aikinsa maimaici ne, kuma har yanzu ba wanda ya kare mini sauran 380 ɗin.

Sadik Fagge:
Ni dai a taimaka mini. In mutum na son ganin wannan Purin na Malam Habu, ba na fassara ba, daga ina zai fara?

Malam Habu:
Fara da Nishant, sannan Ardh Satya, sannan Virasat. Ka nemi masu muryar asali da rubutu a ƙasa. Amma in gaya maka tun yanzu, biyun farko babu rawa a kan dutse, babu akta mai dukan mutum goma, kuma ƙarshensu ba ya daɗi.

Sadik Fagge:
Babu rawa, babu faɗa, ƙarshe babu daɗi, kuma in ƙona datata? Malam, bari in fara da Virasat ɗin, in na ga da hali na yi baya.

Maman Hanan:
Virasat ɗin ma tun kafin a yi nisa yake mutuwa, Sadik, kar ka zo kana mana ƙorafi.